An ƙara kuɗin data da rabi, ina saurin da aka yi mana alkawari?

Malamin_Gwale: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka fi ni sanin wannan fanni. A ranar 20 ga Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na saƙo da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, kuma hujjar da aka ba mu ita ce idan suka sami kuɗin shiga za su inganta sabis. Ƙarin ya iso aljihunmu ba tare da ɓata lokaci ba. Amma ni a gidana, daga bayan sallar isha'i zuwa wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, saƙon murya na minti ɗaya sai ya yi ta juyi kamar ba zai tafi ba, alhali kuwa sandunan sabis a cike suke a fuskar wayar. Shin ni kaɗai ne, ko wayata ce ta tsufa, ko kuwa kuɗinmu kawai aka karɓa?

Ummu_Hanifa: Wa alaikumus salam Malam. Ba kai kaɗai ba ne. Ni sana'ata sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga cikin gida, kuma shagona gaba ɗaya a cikin waya yake. A makon jiya wata mata a Gombe ta nemi in ɗauki bidiyon wani leshi a cikin hasken rana domin ta ga ainihin launinsa. Na shimfiɗa shi a kan igiyar shanya, na ɗauka, na tura, sai na tsaya a bakin matakalar bene da hannu a sama kamar mai roƙon ruwa, domin nan ne kawai sabis yake ɗan kamawa a gidan. Miyata ta kusa ƙonewa kafin bidiyon ya wuce, kuma lokacin da ya isa ta riga ta saya a wajen wata. Datar da a da take kai ni ƙarshen wata yanzu ba ta wuce kwana ashirin.

Injiniya_Sabongari: Malam, bari in fara da batun sandunan sabis, domin mutane da yawa suna ruɗuwa a nan. Sandunan nan ƙarfin siginar da ke tsakanin wayarka da ƙarfen sabis mafi kusa kawai suke nunawa, ba sa gaya maka mutum nawa ne suke rabon wannan ƙarfen tare da kai. Kowane ƙarfe yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a lokaci guda. A unguwa mai cunkoso irin Gwale, idan aka idar da isha'i kowa ya koma ɗaki ya buɗe bidiyo, to rabon kowa sai ya ragu, kamar famfon unguwa ne da kowane gida ya buɗe nasa a lokaci ɗaya. Bayan wannan kuma akwai hanyar da ke ɗauke da datar daga ƙarfen zuwa cibiyar kamfanin. Mafi yawan manyan kebul na ƙarƙashin teku, waɗanda suke kawo mana intanet daga ƙasashen waje, a Legas suke fitowa, ciki har da Equiano na Google wanda ya iso a 2022, kuma daga can sai an bi ta wayar fiba mai nisan kimanin kilomita dubu kafin a zo Kano. Duk lokacin da katafilar masu aikin titi ta tsinke wannan waya, ko ɓarayi suka tone ta da zaton tagulla ce, sai a karkatar da datar ta wata hanya mai ƙaramin ƙarfi. Ga kuma man dizal da ake ƙonawa a janaretocin ƙarafan sabis saboda babu tsayayyar wuta. Ba ina wanke kamfanonin ba ne, amma kayan aikin nan da dala ake sayo su, kuma ba a kafa su cikin dare ɗaya.

Ɗan_Ƙwadago_Kakuri: Injiniya, na ji bayaninka kuma na ƙaru, sai dai ka bar jaki kana dukan taiki. Su kamfanonin sun san da cunkoson Gwale da tsadar dizal tun kafin su nemi ƙarin, hasali ma ninki suka nema, wato kashi 100, hukuma ta ba su rabi. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta sanya ranar 4 ga Fabrairun 2025 domin zanga-zanga a kan wannan ƙari, sannan aka janye bayan an zauna da gwamnati an kafa kwamiti. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa naira 70,000 ne, wanda aka cire masa tallafin man fetur a Mayun 2023, shi aka ce ya ƙara biya yau domin a gyara masa gobe. A wace kasuwa ake karɓar kuɗin buhu a auna maka kwano, a ce ka dawo baɗi ka karɓi ciko?

Hajiya_Akanta: Ina ganin ya kamata mu riƙa sanya alƙaluma a gabanmu kafin mu yanke hukunci. MTN Najeriya, wanda shi ne mafi girma a cikinsu, ya bayyana asarar kimanin naira biliyan 137 a 2023, sannan kimanin biliyan 400 a 2024, kuma babban dalilin shi ne faɗuwar darajar naira bayan an sake ta ta nemi farashinta a Yunin 2023. Farashin da hukuma ta ƙayyade musu kuwa bai motsa ba tun 2013 sai da aka yi wannan ƙarin. Mai sayar da ƙosai ma ba za ta yarda ta tsaya a farashin shekara goma sha biyu da suka wuce ba. Ni ƙarin bai ba ni mamaki ba. Abin da nake so in gani shi ne hukuma ta riƙa wallafa ma'aunin ingancin kowane kamfani jiha-jiha a harshen da kowa zai fahimta, ta kuma hukunta wanda ya gaza.

Ɗan_Ƙwadago_Kakuri: Hajiya, a shekarun da suke kwasar riba ban ji an kira mu an ce mu zo a raba ba. Kuma wanda ya karya naira ba ni ba ne, ba Ummu_Hanifa ba ce.

Baba_Tsohon_Soja: 'Ya'yana, ku bar ni in ɗan yi muku tarihi. Lokacin da wayar salula ta shigo a 2001, zamanin Obasanjo, layi kaɗai sai da ya haura naira dubu ashirin, kuma idan ka yi magana ta daƙiƙa biyar kuɗin minti guda cur za a cire maka. An sha gaya mana cewa lissafi da daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Da Glo ya fito a 2003 ya fara lissafi da daƙiƙa, nan da nan sauran suka gano cewa ashe zai yiwu. Abin da na koya daga nan shi ne, ba roƙo ne yake sa ɗan kasuwa ya gyara hali ba, sai ya ga maƙwabcinsa zai ƙwace masa masu saye. Yau kamfanoni huɗu ne a suna, amma kowa ya san biyu ne suka riƙe mafi yawan kasuwar. Tun 2013 an ba mu damar sauya kamfani ba tare da mun rasa lambarmu ba, amma a cikinku wa ya taɓa gwadawa?

Mai_Gyara_FarmCentre: Ranka ya daɗe Baba, maganarka dutse. Ni zan taɓo ɓangaren Hajiya Ummu_Hanifa da ta ce datarta ba ta kai wata, domin kusan kullum sai an kawo mini waya an ce kamfani yana satar data. Idan na buɗe wajen da wayar take lissafin abin da kowace manhaja ta ci, yawanci sai mu tarar ɓarawon a cikin gida yake. Facebook da TikTok suna kunna bidiyo da kansu ko ba ka taɓa ba, WhatsApp yana sauke duk hoto da bidiyon da aka turo a rukunin dangi da na tsofaffin ɗalibai, manhajoji suna sabunta kansu da dare, hotuna kuma suna hawa ma'ajiyar Google ba tare da mai wayar ya sani ba. Akwai kuma wani abu da mutane ba sa so su ji: idan sabis ya yi kyau, manhajar bidiyo da kanta take ɗaga ingancin hoto, sai ka kalli abu ɗaya amma ka biya ninki. Wani Alhaji ya sayi babbar waya mai 5G a wajen maƙwabcina, bayan kwana uku ya dawo yana faɗa wai an sayar masa da mai shan data. Ba wayar ce ta yi laifi ba, ya saba kallon wa'azi a ƙaramar Itel ne, yanzu kuma har zaren rawanin malamin yana gani.

Ummu_Hanifa: Na yarda da rabin maganarka ɗan'uwa, domin yarana suna ɗaukar wayar idan na shiga kicin. Amma ba yara ne suka tsayar da ni a matakalar bene ba.

Injiniya_Sabongari: Ƙarin bayani kaɗan a kan abin da Mai_Gyara ya faɗa. Idan kamfani ya tallata sauri, da megabit yake aunawa, ita kuwa datar da kake saye da megabait ake lissafa ta, kuma megabit takwas ne suke yin megabait ɗaya. Saboda haka wanda aka ce masa zai sami megabit 40 a daƙiƙa, abin da zai gani yana sauka bai wuce megabait 5 ba, ko da komai yana tafiya daidai. Game da 5G kuma, wato sabon sabis mai sauri, kamfanonin MTN da Mafab ne suka ci gwanjon lasisi na farko a Disambar 2021, kowannensu ya biya dala miliyan 273.6, Airtel ya biyo baya. Amma zangon siginar da suke amfani da shi ba ya tafiya nesa kuma ba ya ratsa katanga sosai, don haka sai a wasu unguwanni na manyan birane ake samunsa. Wanda yake ƙauye ya sayi waya saboda 5G, ado kawai ya saya.

Zainab_MaiFassara: Ina so in kawo batun aiki, domin ga wasunmu sabis ba abin nishaɗi ba ne, shi ne ofis. Ina Kaduna, ina yi wa wani kamfani na ƙasar waje aikin fassara da rubuta abin da aka naɗa a murya, kuma da awa ake biyana. A ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ina tsakiyar taron bidiyo da shugabar sashenmu hoton ya daskare. Na sauya layi, na fita tsakar gida, na hau adaidaita sahu zuwa gidan yayata, duk a banza. Matar ta yi mini uzuri domin labarin ya bazu a duniya, amma a ranakun da ba a tsinke komai ba fa, me zan ce mata? Ba ta san ma'anar a ɗauke wuta ana tsakiyar magana ba. Yanzu layi uku nake riƙewa, da ƙaramar na'urar intanet ta tafi-da-gidanka, da batirin sola, kuma idan na lissafa abin da nake kashewa kafin in fara aiki sai in ga kamar haya nake biya a gidan mahaifina. Ana ta kiran matasa su koyi aikin kwamfuta su ci kasuwar duniya daga ɗakinsu, amma ba a faɗa musu wannan ɓangaren.

Abu_Sadiq_Jos: Malama Zainab, me ya hana ki gwada Starlink, intanet ɗin da yake zuwa ta tauraron ɗan adam? Tun Janairun 2023 ya fara aiki a Najeriya, kuma ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta same shi. Taurarinsa suna shawagi ne a nisan kimanin kilomita 550 daga ƙasa, ba ruwansa da katafilar masu aikin titi. Mu gida huɗu muka haɗa kuɗi muka saya, muka ɗora farantin a kan rufin wanda yake tsakiya.

Zainab_MaiFassara: Na yi tunaninsa, sai dai kuɗin na'urar kaɗai ya fi abin da nake samu a wata, kuma ita ma wuta take buƙata dare da rana. Ban manta ba kuma a Oktoban 2024 sun sanar da ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, sai da NCC ta ce ba da izininta ba sannan suka dakata. Wanda zai iya ninka maka farashi da saƙo ɗaya daga wata nahiya, ban ga ya fi na gida tausayi ba.

Bagusaye: Ina ta karanta ƙorafinku a kan jinkirin sabis, sai na tuna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A farkon Satumban 2021, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu ne, amma a wasu ƙananan hukumomi sai da aka shafe watanni. Mahaifiyata tana kwance ba lafiya a lokacin, ƙanena da yake aiko da kuɗin magani yana Legas, kuma babu hanyar da zan gaya masa halin da ake ciki. Na shiga mota zuwa Funtuwa domin in yi kira na minti goma, na tarar da mutanen garinmu a bakin titi kowa da takardar lambobi a hannu, wani an ba shi saƙon gida biyar. Daga baya ita ma Funtuwa aka rufe ta tare da wasu ƙananan hukumomin Katsina, sai mun dangana da Zariya. Masu POS sun rufe, albashi yana banki amma ba ya ciruwa. Har yau ina jiran wanda zai fito ya gaya mana dalla-dalla abin da aka samu da wannan rufewa, domin 'yan bindigar dai suna nan.

Ɗan_Ƙwadago_Kakuri: Allah ya saka maka da alheri Bagusaye, ka kawo mu inda gizo yake saƙa. Idan gwamnati tana son a kashe sabis, takarda ɗaya take rubutawa a kashe cikin kwana ɗaya. Haka aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Haka aka tilasta mana layin rajistar NIN tun daga Disambar 2020 zamanin Minista Pantami, aka rufe layukan mutane da sunan tsaro, amma masu garkuwa da mutane ba su daina kiran waya suna cinikin kuɗin fansa ba. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 kuma sakamakon shugaban ƙasa ya kasa hawa IReV, shafin intanet da hukumar zaɓe take ɗora sakamako, a kan lokaci, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Ikon da ake da shi na kashewa, me ya sa ba a da irinsa na gyarawa?

Shugaban_Zaure: 'Yan'uwa, ana iya tattauna manufofin gwamnati, amma ina roƙon kada a mayar da maganar ta jam'iyya. Na goge saƙonni biyu da suka kauce wa ladabi. A ci gaba.

Ɗan_Maraɗi: Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Mu ma a Nijar mun ɗanɗana irin abin da Bagusaye ya faɗa, domin bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021 an katse mana intanet na salula har kimanin kwana goma. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu saboda takunkumin CEDEAO, wato ECOWAS, cajin waya kansa ya zama aiki. 'Yan kasuwarmu da suke hulɗa da Jibiya da Katsina da Kano yawancinsu layi biyu suke riƙewa, na nan da na can, saboda haka ƙarin da aka yi muku mu ma ya taɓa mu.

Hajiya_Akanta: Akwai wani ɓangare na siyasar da ba a cika ambata ba, kuma ya fi kusa da mu fiye da Abuja. Kafin kamfani ya binne wayar fiba a gefen titi sai ya biya jiha kuɗin izinin hanya. An daɗe da cimma matsaya a kan naira 145 a kowace mita, wasu jihohi sun bi, wasu sun yafe gaba ɗaya, wasu kuwa sun ci gaba da karɓar ninkin-ba-ninkin, ban da harajin da hukumomi daban-daban suke ɗora wa kowane ƙarfen sabis. Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya yi maganar shimfiɗa fiba mai tsawon kilomita 90,000, amma ta cikin jihohi za ta bi. Idan masu neman ƙuri'a suka zo, ya dace a tambaye su nawa jiharsu take karɓa a kan mita ɗaya.

Baba_Tsohon_Soja: Hajiya, a mazaɓarmu wanda ya tambayi ɗan takara kuɗin mita, sai a ɗauka awon fili yake nufi.

Malamin_Gwale: Na gode muku ƙwarai, ban zaci tambayar za ta kai mu Gusau da Maraɗi ba. Na bi shawarar Injiniya na auna saurin da manhajar gwaji har kwana uku, a wuri ɗaya, a kan tabarma ɗaya. Bayan sallar asuba abin kamar walƙiya, har na sauke littafin jagoran malamai da ya gagare ni mako guda. Da ƙarfe tara na dare kuwa allurar da ƙyar take ɗagawa. Ke nan wayata lafiyarta ƙalau, cunkoso ne. Na kuma kashe abubuwan da Mai_Gyara ya lissafa, na tarar rukunin 'yan ajinmu na sakandare shi kaɗai ya cinye abin da ya ba ni kunya. Amma tambayata ta farko tana nan: na biya kuɗin wata guda ne, ban biya kuɗin asuba kaɗai ba.

Injiniya_Sabongari: Gaskiyarka Malam. Ka fara kai ƙorafi wajen kamfanin ka karɓi lambar shaidar ƙorafin, idan ba su yi komai ba ka kira 622, layin NCC ne na kyauta. Ka ajiye hotunan gwajin da ka yi tare da lokutansu. Idan mutum hamsin daga unguwa ɗaya suka yi haka, ya fi a ce mutum ɗaya ne yake ta kira.

Ɗan_Ƙwadago_Kakuri: Wato mu biya ƙarin, mu auna musu saurin, sannan mu rubuta musu rahoto. Injiniya, a cikin albashin wa za a cire ladanmu?

Ummu_Hanifa: Malam, idan za ku haɗa sunayen masu ƙorafin ku sanya da ni, ko da yake ba unguwarmu ɗaya ba. Mai_Gyara kuma don Allah ka rubuto mini dalla-dalla inda zan shiga in hana bidiyon rukuni sauka da kansa, wayata Tecno ce. Zan duba amsar da asuba.